Alƙalamin Akawu Amana Ne

Jama'a, cikin takardun da suka iso mana makon nan akwai ta wani akawu da ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce shugabansa ya umurce shi ya ɗage rubuta wani bashi sai baɗi, don lissafin bana ya nuna riba. Yana tambaya, in ya bi umurni, laifin wa ne? To, Malam, ga wani abu da ya faru a Amurka, ka auna da kanka.

An yi wani babban kamfanin wayar tarho, sunansa WorldCom, a jihar Misisipi. Yakan biya waɗansu kamfanoni kuɗin hayar wayoyinsu. Da ciniki ya ja baya, a 2001 sai manya suka ce a riƙa sa kuɗin hayan nan a shafin jari. Watau kamar mai rumfa ne ya biya hayar wata, sa'an nan ya rubuta a littafi cewa ya sayi rumfar. Nan da nan hasara ta koma riba, amma a takarda kaɗai.

Manyan nan kuwa ba su suka riƙe alƙalami ba. Cikin waɗanda suka rubuta akwai wata ma'aikaciyar lissafi, Betty Vinson. Tun a 2000, da aka fara kawo mata irin wannan gyara, ta ce ba daidai ba ne, har ta yi niyyar ajiye aiki. Aka lallashe ta. Ta dubi albashi, ta dubi iyali, ta rubuta. Daga nan bayan kowane wata uku sai an komo mata, gama kowace ƙarya tana bukatar wata da za ta rufe ta.

A kamfanin nan dai akwai Cynthia Cooper, shugabar masu binciken lissafi na cikin gida. Ita da mataimakanta suka yi ta bin lissafi da dare a asirce, har a watan Yuni na 2002 suka tono ƙaryar dala miliyan 3,800. A watan Yuli kamfani ya karye. Daga baya aka ga abin ya kai wajen miliyan 11,000. Dubban ma'aikata suka rasa aiki, masu jari suka tashi a tutar babu. A 2005 aka ɗaure shugaba Bernard Ebbers shekara 25. Betty kuwa, duk da ta taimaki masu bincike, sai da ta sha ɗaurin wata 5. Cewa "sa ni aka yi" bai fisshe ta ba.

Saboda haka, Malam, ga shawararmu. Ka gaya wa shugabanka cikin ladabi cewa bashin bana a littafin bana yake zama, ka kuwa sa maganar a rubuce. In ya nace, kai ta ga na gaba da shi, ko ga masu binciken lissafi. In duk ƙofa ta rufe, gara ka bar kujerar da ka sa hannu. Mun sani barin albashi ba wasa ba ne, amma wanda ya ba da rance, da mai jari, da leburan da ke jiran ƙarshen wata, ba wanda zai buɗe akwatin kuɗi ya ƙidaya. Abin da ka rubuta shi suke gaskatawa.

Akawuna da ma'aji, wanda irin wannan ta taɓa samunsa, ya rubuto mu ji yadda ya fita. Sai mako mai zuwa.