Kafin A Yi Wa Linux Ƙazafi, A Fara Duba Caja

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasanmu masu sha'awar kayan lantarki. Da zarar mutum ya sayo 'yar ƙaramar kwamfutar nan mai faɗin katin banki, ya kwana biyu yana fama da ita ta ƙi tashi, sai ka ji ya ce ai Linux wahala ce, ba a yi ta don irinmu ba, ya jefa ta cikin durowa ya koma kan wayarsa. To ni dai ban yarda da wannan hukunci ba, kuma dalilin wannan rubutu ke nan. A ganina mafi yawan laifukan da ake ɗora wa Linux a kan waɗannan na'urori na caja ne, ko na katin memori, ko na zafi, ko kuwa na kamfanin da ya sayar maka da kaya ya ɓoye maka sirrinsa. An bar jaki ana dukan taiki.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kai, kada a bar mai karatun da bai taɓa ganin abin ba a baya. Linux manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta, kamar yadda Windows ke yi. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ne ya fara rubuta zuciyarta, wadda ake kira kanel, a shekarar 1991, daga baya ya sanya ta ƙarƙashin lasisin da ya ce duk wanda ya yi mata gyara ya raba wa jama'a, to dole ya fito da gyaran nan fili kowa ya gani. ARM kuwa tsari ne na ƙera ƙwaƙwalwar na'ura, wanda kamfanin Acorn na birnin Kambirij a Ingila ya fito da na farkonsa a 1985, kuma abin da ya ɗaukaka shi shi ne rashin cin wuta. Kamfanin ARM ya gina kasuwancinsa ne kan sayar da zane, sai irin su Broadcom da Allwinner da Rockchip da Amlogic su saya, kowa ya ƙera nasa yadda ya ga dama. Wayar Android da ke aljihunka, ƙwaƙwalwarta ARM ce, zuciyar manhajarta kuma Linux. Ashe ke nan mai cewa ba a yi ta don irinmu ba, da ita yake kwana yake tashi.

Wadda ta fi suna cikin 'yan kwamfutocin nan ita ce Raspberry Pi, da aka fara sayarwa a watan Fabrairun 2012 kan dala 35. Eben Upton da abokan aikinsa ne suka yi ta don yaran makaranta su samu abin da za su koyi kwamfuta a kai, wanda ko sun lalata shi ba wanda zai yi kuka. Aka yi Pi Zero a 2015 kan dala 5, aka yi Pi 4 a 2019, sai Pi 5 a 2023. Bayan ita akwai irin su Orange Pi da Banana Pi daga ƙasar Sin.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, akwai wahala guda ta gaske, kuma gara a san ta tun da wuri. Kwamfutar tebur da laftof sun gaji tsari ɗaya tun daga na'urar da IBM ta fitar a 1981, shi ya sa in ka saka musu manhaja su da kansu suke gabatar mata da kayan cikinsu, ga memori nan, ga sikirin nan, ga ramin USB can. 'Yan fanel ɗin ARM ba haka suke ba. Kowane kamfani ya gina gidansa da irin fasalinsa, manhaja kuwa tamkar baƙo ce da aka shigar gidan cikin duhu. Sai an ba ta abubuwa biyu kafin ta motsa: 'yar manhajar da ke tayar da na'ura, wadda galibi U-Boot ce, da kuma wani ɗan fayil da ke zaman taswirar gida, mai faɗa mata wace ƙofa ke ina. Rikicin ya taɓa yin yawan da a 2011 Torvalds da kansa ya fito ya yi wa masu aikin ARM faɗa, kuma bayan nan ne aka rungumi tsarin taswirar sosai. Ma'anar wannan a aikace ita ce, manhajar da aka shirya wa fanel ɗaya ba lallai ta tayar da wani ba, ko da ƙwaƙwalwarsu iri ɗaya ce. Haka kuma Pi ta farko da Pi Zero ta asali ba sa ɗaukar manhaja mai bit 64. Sannan ba a tura manhajar cikin kati kamar yadda ake tura fim. Rubuta ta ake yi da irin su Raspberry Pi Imager ko balenaEtcher, domin wasu na'urorin, kamar masu ƙwaƙwalwar Allwinner, a wani gurbi takamaimai kusa da farkon katin suke neman mai tayar da su, in ba su same shi nan ba shiru kake ji.

Wannan kenan. In an tsallake shi, saura abokan gaba da muka sani a gida.

Na farko wuta. Pi 4 tana son bolt 5 da amfiya 3, Pi 5 kuwa cajar da aka yi mata amfiya 5 take bayarwa. Mu kuwa me muke yi? Sai mu ciro tsohuwar cajar waya da wata siririyar igiya mai tsawon kamu uku mu jona, mu ce ai ta kawo wuta. Ta kawo, amma da zarar na'urar ta fara aiki mai nauyi sai ƙarfin ya faɗi. In ya sauka ƙasa da kimanin bolt 4.63, Pi za ta yi gargaɗi ta rage gudunta, in abin ya tsananta ta mutu ta sake tashi, ko kibod ya ɗauke, ko intanet ta riƙa yankewa. Wanda bai sani ba sai ya kwana yana sake manhaja. Alhali umarni guda, vcgencmd get_throttled, zai faɗa masa ko wuta ta gaza tun da aka kunna.

Na biyu katin memori. Duk wanda ya saba da kasuwar waya ya san akwai katin da aka rubuta wa gig 64 a baya, cikinsa kuwa ko rubu'in haka bai kai ba. A waya zai ɗau lokaci kafin asirinsa ya tonu, amma manhajar da ke rubutu da gogewa dare da rana nan da nan take tona shi. Akwai manhajojin gwaji kyauta, H2testw a Windows da f3 a Linux, masu cika katin su sake karantawa su gaya maka gaskiyar girmansa. Ko katin na ƙwarai ne, ɗaukewar wuta a daidai lokacin da ake rubutu a kansa na iya rikita shi, ka wayi gari na'urar da ta kwana lafiya ta ƙi tashi. A ƙasar da ba a sallama kafin a ɗauke wuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maganinsa biyu: ɗan batir a tsakanin na'ura da soket, da kuma kulle katin ya zama na karatu kawai, zaɓin da yake nan cikin raspi-config yana jiran mai nema.

Na uku zafi. Pi tana fara rage gudu in ƙwaƙwalwarta ta kai digiri 80, ta ƙara matsawa a 85. Wanda ya rubuta darasin da kake bi a intanet wataƙila yana zaune ne a ɗakin da sai an kunna na'urar ɗumama shi, kai kuwa kana Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, inuwa ma ta haura digiri 40, ga kwanon rufi na gasa ɗakin, ga ƙurar hunturun bara ta toshe ramukan akwatin. Ɗan ƙarfen tsotse zafi da 'yar fanka sun raba wannan gardama.

Akwai na huɗu mai ban dariya, wato agogo. Kafin Pi 5, waɗannan na'urori ba su da agogon da ke ci gaba da tafiya in an kashe su, daga intanet suke jin lokaci. In ta tashi babu intanet sai ta ɗauka har yanzu jiya ne ko watan jiya, daga nan sai shafuka su ƙi buɗewa, sabunta manhaja ya ƙi yiwuwa, don takardun shaidar tsaro duk da kwanan wata suke aiki. Ɗan agogo mai batir irin DS3231 ya ishe ka.

Yanzu ga inda nake son mai karatu ya tsaya da kyau. Babbar cutarmu a gyaran na'ura ita ce al'adar fulashin. Waya ta yi tari, a yi mata fulashin. Ta yi atishawa, a yi mata fulashin. Ba mai tambayar me ya same ta. Wannan ɗabi'a muka kwaso muka kawo kan Linux, alhali kuwa babu manhajar da ta kai ta surutu. Tun daga daƙiƙar da aka ba ta wuta take faɗin abin da take yi layi bayan layi, in ta maƙale kuma layin ƙarshe ne ke nuna inda ta maƙale. Ko sikirin bai kawo ba, ana jin ta da 'yar igiyar siriyal mai kan USB, wayoyi uku kacal: ta ƙasa, ta aikawa, ta karɓa, a gicciya ta aikawa da ta karɓa. A kan Pi fil na 6 da na 8 da na 10 ne, bayan an kunna hanyar a cikin fayil ɗin config.txt, a saita gudun sauraro kan 115200. Sai dai a kula, bolt 3.3 waɗannan fil ɗin ke ɗauka, wanda ya ba su 5 ya yi wa na'urarsa sallama. In kuwa ta tashi, umarnin dmesg zai zayyana maka duk abin da kanel ta gani da wanda ta ƙi. Hatta koriyar fitilar jikin Pi, yawan ƙiftawarta saƙo ne, akwai jadawalin ma'anarsa. Likitan da zai yi wa mara lafiya allura bai bar shi ya faɗi inda ke masa ciwo ba, me za mu kira shi?

Sai batun saye. Za ka ji an ce me ya kai ka sayen Pi, ga akwatin talabijin na Android nan da araha, shi ma ARM ne, a juye shi ya koma kwamfuta. Gaskiya ne ana yi, kuma masu aikin sa-kai sun yi ƙoƙari matuƙa a wannan fanni. Amma araha ba ta ado. Akwatuna biyu masu suna ɗaya da kwali ɗaya, ka buɗe ka tarar kayan cikinsu daban, wannan ya kama intanet wancan ya ƙi, don babu wanda ya fitar da bayanin guntun da ke ciki. Wasu kamfanonin kuma sukan saki na'ura da tsohuwar kanel da suka yi wa kwaskwarima a ɓoye, su juya baya ba gyara ba sabuntawa. Shawarata ita ce, kafin ka tambayi kuɗin fanel ka tambayi wa ke kula da manhajarsa. Ka duba ko yana cikin jerin da aikin Armbian ke tallafa wa, ko ainihin kanel ta Linux ta san da zamansa, ko akwai rubutaccen bayani a kansa. Ɗan bambancin kuɗin da ka guda, da kwanakinka za ka biya shi.

Na san wani zai ce, duk wannan wahalar ta mece ce, ba gara mutum ya sayi laftof na hannu ya huta ba? In buga takardu da kallo ne buƙatarka, ka yi gaskiya, je ka sayi laftof, ga sikirin ga batir duk a haɗe. Amma akwai aikin da ke son na'urar da za ta kwana ta yini a kunne ba ta ci wat 10 ba, wadda ƙaramin faifan sola zai riƙe. Misali, a ɗora manhajar Kiwix a kan Pi, a zuba mata kundin Wikipedia har da na Hausa, sai ta zama ɗakin karatu a makarantar da babu sabis, ɗalibai su haɗa wayoyinsu da ita su yi ta karatu ba wanda ya sayi data ta sisin kwabo. A irin wannan fage laftof ba ta kama ƙafarta.

Kuma waɗanda suka fi kowa kusa da wannan ilimi suna nan a cikinmu. Ka shiga Farm Centre a Kano ka ga yaron da ke ɗaga guntun da bai kai ƙwayar shinkafa ba daga fanel ɗin waya ya maye shi da wani, hannunsa ko rawa ba ya yi. Wanda ya iya wannan, haɗa wayoyi uku ba zai gagare shi ba. Abin da ya rage masa shi ne haƙurin karanta abin da na'ura ke faɗa, ko da kuwa da ƙamus a gefe, domin kalmomin ba su da yawa kuma su ne dai suke ta maimaituwa. Ranar da ya saba da wannan, ya tashi daga mai canza kaya ya zama mai gano cuta, kuma kowa ya san tazarar da ke tsakanin kuɗin aikin mutanen nan biyu.

Don haka ɗan'uwa, in taka tana cikin durowa, ciro ta ka kakkaɓe ƙurar. Nemo caja ta gaske, gwada katinka, tabbatar manhajar ta fanel ɗinka ce, sannan ka jona igiya ka saurara. In ka yi duk wannan ta ƙi, to a lokacin sai mu zauna mu yi wa Linux shari'a. Mu kwana nan.