Kimiyya a Sauƙaƙe: Hasken da Ke Ɗinke Kansa

Yau zancenmu zai fara ne daga bakin titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Bodinga ya nufi Shagari.

Ku tsaya nan da dare lokacin hunturu, sa'ad da hazo ke sa a ga hanyar haske ƙarara. Idan babur ya haska wani siririn turke, inuwa ɗaya za ta miƙe a bayansa har nesa. Amma idan mota mai fitila biyu ce, inuwar takan rabu biyu, tsakiyarta kuma ta sake cika da haske. Wannan ɗan abin shi ne sirrin wani bincike da manyan masana ke yi a yau.

A aji an koya muku cewa haske a miƙe yake tafiya, kuma abin da ya tare shi yakan bar inuwa. Gaskiya ne. To amma a 1987, Jim Durnin da abokan aikinsa a Jami'ar Rochester ta Amurka sun samar da wani irin hasken leza da ake kira hasken Bessel. Idan ya faɗa kan bango, ɗigo ne mai ƙarfi a tsakiya, zobba sun kewaye shi, kamar yadda ruwan madatsar Shagari ke yi in an jefa tsakuwa. Daga baya aka lura cewa in an sa ƙaramin abu ya tare ɗigon, sai ya ɓace, can gaba kaɗan kuma ya dawo kamar ba a taɓa shi ba.

Ba tsafi ba ne. Hanya mai sauƙi ta samun wannan haske ita ce a bi da leza ta cikin wani gilashi mai tsini kamar malfa, wanda John McLeod ya bayyana a 1954. Gilashin yana karkato da haske daga kowane gefe zuwa tsakiya. Ke nan ɗigon da kuke gani a kowane wuri, sabon haske ne da ya iso daga gefe. In an tare tsakiya, na gefe zai wuce ta bayan abin ya sake haɗuwa. Fitilun mota biyu ne kawai, shi kuwa wannan tamkar fitilu ne a kewaye.

Ku gwada da kanku. Ku samo wayoyi biyu, ku kunna fitilunsu a ɗaki mai duhu, da tazarar kamu ɗaya a tsakaninsu. Wani ya riƙe fensir a gabansu, wani ya sa farar takarda dab da bayan fensirin. Za ku ga inuwa ɗaya baƙa. Ku ja takardar baya a hankali: inuwar za ta rabu, tsakiya ta haskaka. Sannan ku kashe waya ɗaya ku sake gwadawa, ku rubuta bambancin da kuka gani.

Akwai kuma hasken da ke tattara kansa. A 2010, Nikolaos Efremidis da Demetrios Christodoulides sun nuna ta lissafi cewa za a iya tsara haske ya fito a siffar zobe, ya yi tafiya ba ƙarfi sosai, sannan kwatsam ya dunƙule a wuri guda da ƙarfi ninkin-ba-ninkin. An tabbatar da haka a ɗakin gwaji a 2011. Fatan da ake yi shi ne a ƙona abin da ake nufi kaɗai, a bar abin da ke gabansa lafiya.

Amfanin ya riga ya fara. A 2011 ɗakin binciken Eric Betzig, wanda ya ci kyautar Nobel a 2014, ya yi aiki da hasken Bessel wajen ɗaukar hoton ƙwayoyin halitta suna raye. A nan Afirka ma, Farfesa Andrew Forbes na Jami'ar Wits da ke Johannesburg ya shahara a wannan fanni.

Sai dai komai na da iyaka. Idan abin da ya tare hasken ya yi girma ainun, ba zai ɗinke ba. Hasken da aka tare kuma ya tafi ke nan. Siffar ce kawai ke dawowa.

Gargaɗi: 'yar jar lezar nan ta wasa kada ku kuskura ku haska ta a idon kowa, domin tana iya lalata gani. Fitilar waya ta wadatar. Ku kai sakamakonku wurin malamin fizis, ku tambaye shi me zai faru in fitilun sun zama huɗu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.