Janareto ba ya toshe ɓular jirgi

1/ Da an taɓo maganar jiragen ruwan yankinmu sai wani ya faɗo: "a ɗora musu janareto, a sa fitila, a zamanantar." Haba jama'a! Kun taɓa leƙa cikin jirgin kuwa?

2/ Katako ya ruɓe, an cusa tsumma a ɓula, yaro na gefe yana kwarfar ruwa da kwano. Nan za ku ɗaure janareto? Ga nauyinsa, ga jarkar fetur, ga jijjigar da ke kwance ƙusa, ga waya a inda ruwa ke kwanciya. Kuma mai jirgi dole ya fanshe kuɗin mai. Ta ina? Ya ƙara fasinja mana.

3/ Satumbar 2024 a Gummi, manoma za su gona jirgi ya kife, aka rasa rayuka da dama. Allah Ya jiƙansu. Rashin lantarki ne ya kifar da shi? Lodi ne wallahi.

4/ Turawan da kuke turo mana bidiyonsu, tun wajen ƙera jirgin aka ware wa injin ɗaki, hayaƙi na fita ta bututu.

5/ NIWA, gwamnatin Zamfara: daga Bukkuyum har Gummi, a ba mu sabbin jirage, rigunan kariya, da mai ƙirga fasinja a bakin gulbi.