Turare ba ya korar hayaƙi: mu wanke ɗaki, mu fitar da murhu

Ɗari ya wuce, zafi ya kankama. Tun daga watan Disamba har zuwa Fabrairu, gidaje da yawa a Gobir, Damagaram da Adar sun kwana da wuta cikin ɗaki. Wasu sun hura ta don jin ɗumi, wasu sun maida girki ciki saboda iska da ƙura. Yanzu wutar ta mutu, amma ta bar mana baƙonta. Mutum ya shiga ɗaki, wari ya tare shi tun daga bakin ƙofa. Rigar da ke bisa igiya tana warin hayaƙi, katifa tana yi, har furar da ta kwana a ɗakin sai an ji shi cikinta.

Abin da mafi yawanmu muke yi shi ne mu ɗauko kasko, mu zuba garwashi, mu barbaɗa turaren wuta, mu rufe ƙofa. Ɗaki ya yi ƙamshi yini guda, wanshekare wari ya komo. A ganinmu wannan ɓarnar kuɗi ce, kuma ƙarin wahala ce ga ƙirji, domin turaren ma hayaƙi ne. Ba mu ce a bar turare ba, ado ne na gida, kuma kowace mace ta san darajarsa. Amma lokacinsa bayan wanki ne. Wanda bai yi wanka ba, ko ya juye kwalbar turare a jikinsa, daɗin zama kusa da shi kaɗan ne.

Mine ne wannan wari?

Idan itace, kara ko kashin shanu suna ci, ba duka ne ke ƙonewa ba. Abin da ya rage yana tashi, baƙin gari ne mai laushi ƙwarai, haɗe da wani maiƙo mai danƙo. Su ne ke manne wa bango, azara, jinka, tufafi da tabarmi. Su ne ke taruwa su zama kunkunniyar da muke gani tana reto a rufin ɗaki. Duk lokacin da ɗakin ya ɗau zafi, ko iska ta yi laima kamar a damina, sai wannan maiƙo ya sake sakin wari. Shi ya sa muddin yana nan, warin yana nan.

Ga abin da ya fi damun mu. Baƙin da muke gani a bango, irinsa ne ya shiga huhun waɗanda suka kwana a ɗakin. Bango ba ya tari, amma yaro yana yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3 da dubu 200 a duniya. Ta kuma nuna cewa kusan rabin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da ciwon huhu ke kashewa, da hannun wannan hayaƙi a ciki. Mu tuna wa ke kusa da murhu: uwa ce, da jaririn da ke goye a bayanta. Saboda haka warin hayaƙi ya wuce maganar kunyar baƙi. Gargaɗi ne.

Yadda za mu wanke ɗaki da kanmu

Aikin ba ya bukatar ma'aikaci, ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Yanzu ne lokacinsa, tun rana tana da ƙarfi, kafin ruwan farko ya sauka mu koma gona.

Da farko a fitar da kome waje: gado, katifa, tabarmi, akwatuna, kwanoni da buhunan hatsi. A buɗe ƙofa da taga. Yara, mata masu ciki da masu ciwon fuka su nisanci wurin har a gama. Mai aikin ya ɗaure hanci da baki da ƙyalle mai kauri.

Na biyu, a kakkaɓe kunkunniya a bushe, daga sama zuwa ƙasa, da tsintsiyar da aka ɗaura wa dogon kara. Kada a fara da ruwa. Idan ruwa ya taɓa ta tun ba a kakkaɓe ba, sai ta dame ta shige cikin bango. A yayyafa ruwa kaɗan a daɓe kafin shara don kada ƙura ta tashi, a kwashe a kai nesa.

Na uku, bango. Idan na siminti ne, a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, a jiƙa ƴar kanwa a ciki, domin kanwa tana yanke maiƙo. Wanda ba ya da kanwa ya tace ruwan toka, shi ma yana yi. Duka biyun suna cin hannu, a sa leda ko safar roba, a kiyaye ido. A riƙa canza ruwan da zarar ya yi baƙi, a ɗauraye da mai tsabta. Idan bangon na ƙasa ne, wanki ba zai yi ba. Sai a kankare fatar da ta yi baƙi, a yi sabon yaɓe, in ya bushe sarai a shafa farar ƙasa. Shafa farar ƙasa bisa baƙin bango ba tare da kankara ba aikin banza ne, ba da jimawa ba ɗorawa-ɗorawar maiƙon za ta ɓullo. Rufin kwano a goge cikinsa da tsumma da ruwan sabulu. Jinka ko zanar da ta sha hayaƙin shekaru ba ta wankuwa, sai a sake ta idan da hali.

Na huɗu, tufafi da shimfiɗa. A jiƙa zannuwa, barguna da labule cikin ruwan sabulu su kwana, a wanke, a shanya a rana. Wanda bai saki ba a maimaita. Tabarmar kaba ko ta roba a goge ta da soso, ta bushe a tsaye. Katifar auduga da matashin kai a farke su, a baza audugar a rana yini biyu ko uku ana juyawa, a wanke rigar daban. Katifar soso ita ce mai taurin kai: a cire rigarta a wanke, a jingine sosonta inda iska ke kaɗawa kwanaki da dama. Gidan sauro mai magani kuwa, wanda muke kira sange, a wanke shi a hankali da sabulu kawai, a shanya a inuwa, domin rana tana kashe maganinsa.

Na biyar, kwanoni, tasoshi da ƙore a wanke su da toka da sabulu. Akwati da kabad a goge cikinsu, a bar su buɗe. Ana iya ajiye ƴan dunƙulen gawayi marar wuta a ciki, yana shanye sauran wari kaɗan-kaɗan. Daga nan a bar ɗaki buɗe yini biyu kafin a maida kaya.

Hattara da abu guda: kada a haɗa ruwan jabel da lemun tsami, ko da wani maganin wanki. Haɗin yana fitar da iska mai ƙona ido da huhu. Idan kuma gobara ce ta taɓa ɗakin, a duba azara da bango da kyau kafin a koma kwana ciki. Abincin da hayaƙin roba, leda ko katifa ya buɗe a zubar da shi, kada a ba mutum, kada a ba dabba.

Masu cewa hayaƙi yana da amfani

Mun san abin da dattawanmu za su ce, kuma maganarsu ba ta rasa tushe. Za su ce hayaƙi yana korar sauro, yana hana ƙwari cin jinka, yana kuma tsare irin shuka da aka rataya bisa murhu. Mun yarda manoma sun daɗe suna adana zangarniyar gero da masara ta wannan hanya. To, a rataya irin a ɗakin girki, inda ba wanda ke kwana. Abin da ya dace da zangarniya bai dace da jariri ba. Sauro kuma, da wuta ta mutu tsakar dare yake komowa, alhali sange yana tsaro har asuba. Ɗari kuwa, bargo da rigar sanyi ga yara sun fi arha bisa kuɗin magani da kwanan gidan likita.

Akwai haɗarin da ya fi wari. Garwashin gawayi a ɗakin da aka rufe yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Tana sa ciwon kai, jiri da barci mai nauyi, tana iya kashe mutanen ɗaki duka a dare guda. Kada mu kwana da gawayi a rufaffen ɗaki, ko da ba mu ga hayaƙi ba.

Kada mu wanke bana, mu ɓata baɗi

Duk wannan wahala za ta tashi a banza idan murhu ya koma inda yake. Mu yi rumfar girki a tsakar gida, a gefen da iska ba ta kai hayaƙi ɗakin kwana. Idan dole ne a yi girki a ɗaki, a huda taga biyu masu kallon juna, ɗaya can sama kusa da rufi. Mu yi aiki da busasshen itace, mu tanade shi tun kafin damina, domin ɗanye ya fi hayaƙi. Mu daina hura wuta da leda ko tsohon takalmin roba. Mai shan taba ya sha a waje, hayaƙinta ma yana manne wa bango da shimfiɗar yara.

Murhun duwatsu uku yana cin itace, yana ba da hayaƙi. Ingantaccen murhu, irin Mai Sauƙi na ƙarfe da maƙeranmu ke ƙerawa ko Albarka na laka da mace ke iya ginawa da hannunta, yana rage cin itace. Amma ba ya kawar da hayaƙi duka, shi ma wurinsa waje ne. A birane, inda ake samun gas, musamman tun da matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a shekara ta 2011, wanda ke da hali ya koma gare shi, domin ya fi itace da gawayi tsabta nesa ba kusa ba.

Wannan aiki bai kamata a bar wa mata su kaɗai ba. Yaɓe, huda taga, sake jinka da kafa rumfa aikin maigida ne. Shi ma a ɗakin yake kwana, kuma shi ne zai nemo kuɗin magani.

Daga ƙarshe, mu sa ido ga yara. Yaron da ke tari yana numfashi da sauri, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa idan ya ja iska, a kai shi gidan likita a ranar, kada a jira. Babban da tarinsa ya wuce sati 2 shi ma ya je a auna shi. Masu karatu, ku karanta wa maƙwabta wannan shafi, ku sa rana a unguwa ku taimaki juna, yau ɗakin wannan, gobe na wancan. Idan ɗaki ya bushe, iska ta ratsa shi, kaya sun koma wurinsu, sai a ɗauko kasko a sa turare, ƙofa a buɗe.