Dusa ga rago, farin burodi ga ɗan wasa

Wata aƙida ta shiga kan samarinmu masu ɗaga ƙarfe da masu taka leda, daga Changli har Zango da Aboabo: wai wake da tuwon gero abincin ƙauye ne, mai neman ƙwanji sai ƙwai da farin burodi da taliyar leda, in aljihu ya yi nauyi a haɗa da garin furotin na gwangwani. Wannan aƙida ɓata ce, kuma cikin yaranmu ne ke biyan kuɗinta.

Ba na musun furotin. Masana motsa jiki suna sanya bukatar mai gina tsoka kusa da giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, wato saurayi mai kilo 60 yana neman wajen giram 96. To amma ƙwai da nama da madara babu harza a cikinsu ko ƙwayar zarra. Harza, wadda likitoci ke kira faiba, ita ce ɓangaren hatsi da ganye da wake da ciki ba ya narkarwa. Tana riƙe ruwa ta tausasa bayan gida, tana rage saurin shigar sukari cikin jini, ƙwayoyin halitta masu amfani da ke babban hanji kuma da ita suke rayuwa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga ɗan shekara 10 zuwa sama, kowa ya samu aƙalla giram 25 a yini. Yaron da ya karya da ƙwai shida da burodi, ya kwana da taliya, bai kama hanyar wannan adadi ba. Shi ya sa za ka ga ƙato mai damtse kamar taɓarya yana fama da taurin bayan gida kwana uku, yana nishi a ban-ɗaki fiye da yadda yake nishi a ƙarƙashin ƙarfe, kunya kuma ta hana shi faɗa.

Abin takaici, maganin yana bakin titi. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana ɗauke da harza wajen giram 11 da furotin wajen giram 13, ya fi ƙwai biyu ke nan. Shinkafa da waken da Gana duka ke alfahari da shi da sunan waakye, daga bakin kakanninmu sunan ya fito, haka ƙosai da koko da tuwon zafi. Ga tubani, ga gujiya, ga ƙuli-ƙuli, ga miyar kuka da ayoyo da zogale. Mutanen Kumasi da Ankara suna bin layi su saya, ɗan mai abin yana ɗauke kai.

Har Turawan da ake kwaikwayo a nahiyar nan suka ɗauki darasin. Denis Burkitt, likitan tiyata da ya daɗe yana aiki a Yuganda, shi ne ya lura cewa cututtukan hanji da suka addabi Ingila ba su da yawa a ƙauyukan da ake cin hatsi da dusarsa, ya kuma fitar da littafi a kan haka a 1979. Su suka koma neman burodi mai dusa da tsada, mu muka koma tankaɗe.

A nan iyayenmu mata ma suna da nasu kason. Ana surfa masara har ta yi fari fat, a tankaɗe koko har ya zama kamar ruwa, dusar a kai wa ragon layya tare da harawar wake. Ragon ya yi ɓul-ɓul, ɗan gidan da ke mafarkin taka leda a filin Aliu Mahama kamar Mubarak Wakaso ko Fatawu Issahaku a ba shi abin da ya rage. Hajiya, don Allah a rage surfen nan.

Masu cewa wake yana kumbura ciki suna da rabin gaskiya. Wanda ya ci kwano guda ya shiga fili nan take zai gane kurensa, saboda haka a bar sa'a uku ko huɗu tsakani, ranar wasa kuma a sassauta. Wanda cikinsa bai saba ba ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin makonni, a jiƙa waken kafin a dafa. Harza ba ta aiki sai da ruwa, balle a zafin Maris na Tamale da ke kaiwa digiri 40. Siririn yaro mai neman ƙarin nauyi kada ya cika cikinsa da ganye har ya rasa wurin tuwo. Harza da kanta ba ta zama tsoka, wake shi kaɗai kuma ba zai cika giram 96 ba, sai an haɗa da kifi, gyaɗa, awara, wagashi ko ƙwan nan dai.

Malamai masu horar da yara a filayen unguwa, ku ake ji fiye da iyaye. Kafin ku tambayi yaro kilo nawa ya ɗaga, ku tambaye shi abin da ya ci jiya da dare, da yaushe rabonsa da ban-ɗaki.