Manoman Zoɓo, Ina Ƙungiyarku?

Duk wanda ya bi hanyar Kazaure zuwa Roni, ko ya ratsa ƙauyukan Gwiwa da na Babura cikin watan Nuwamba, zai ga gonaki sun yi ja wur bayan an kawar da gero. Zoɓo ke nan. Iyayenmu ba su lissafa shi cikin amfanin gona na sosai ba. Yakuwa ce a ke jefawa a kan iyaka don a san inda gonar wane ta tsaya, mata su tsinki ganye su yi miya, a ɗebi gurguzu a yi daddawar batso, jan kuwa a jiƙa a sha ran suna ko da azumi. Wani lokaci ma ba a shuka ba, ita ke fitowa don kanta a bayan gida.

Yau ba haka ba ne. Zoɓo ya zama kayan jirgi. Daga ƙauyukanmu a kan tara shi a kai Dawanau a Kano, a tsince shi, a ɗura a manyan akwatunan ƙarfe, mota ta kai shi Ikko, jirgin ruwa ya ƙetara da shi teku. Masu sayensa can fure su ke kiransa, ko da ya ke mu mun san furen kan kaɗe tun da wuri, abin da mu ke ɓarewa rigar da ta rufe ƙwallon iri ce. Babbar mai saye ita ce ƙasar Meksiko, maƙwabciyar Amurka daga kudu, inda mutane ke shansa da abinci kamar yadda mu ke shan kunu, suna ce da shi hamaika. Hukumar tarayya mai duba lafiyar amfanin gonar da za a fitar waje, wadda a ke kira NAQS, ta ba da labari cewa cikin wata tara na shekarar 2017 an tura akwati 1,983 zuwa Meksiko, kuɗinsu ya kai dala miliyan 35. Jihar Jigawa kuwa tana sahun gaba wajen nomansa, gama yana son ƙasa mai rairayi, ba ya cin taki da yawa, yana kuma jure ƙarancin ruwa.

To, ina rabon manomi cikin wannan dukiya? Abin da na ke so mu duba ke nan a wannan mako. Ra'ayina shi ne, muddin kowa na kai buhunsa biyu kasuwa shi kaɗai, rabonsa ba zai wuce na ɗan dako ba.

Ku yi lissafi da kanku. Babban akwati ɗaya yana cin wajen tan 12 na busasshen zoɓo. Zoɓo kaya ne mai cika ido ba nauyi. In mun ce buhu kilo 25 ne, sai an tara buhu 480 kafin a cika akwati guda. Wane manomi ne a Roni ko Gwiwa ke da wannan? Saboda haka mai fitarwa waje ba zai taɓa zama da kai ku yi ciniki ba. Wakilinsa zai turo, wakilin ya turo yaronsa, yaron ya nemi dillali, dillali ya tare ka tun ba ka sauke kaya daga amalanke ba. Kowannensu sai ya ci, daga jikin buhunka kuwa za a yanka. Ba na zagin dillali, sana'arsa ya ke yi, sau da yawa ma shi ne ya ranta maka kuɗin noma sa'ad da kowa ya juya maka baya. Amma shi ya san farashin Dawanau na safiyar nan, kai ba ka sani ba. Shi ke da sikeli, kai sai ido. Ciniki tsakanin mai gani da wanda aka rufe wa ido ba ciniki ba ne.

Masu fitar da zoɓo waje su sun gane wannan tuni. Suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, AHFEN, wadda ke magana da gwamnati da bakinsu. Watau waɗanda su ka fi mu kuɗi da ilmin kasuwa sun ga ba za su iya tafiya ɗai-ɗai ba, sai mu masu fartanya mu ke ganin za mu iya.

Akwai kuma abin da ya fi farashi muhimmanci, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Bayan wannan ciniki mai albarka na 2017, ma'aikatan Meksiko su ka sami wani ƙwaro cikin zoɓon Nijeriya, ana kiransa kafra. Ɗan ƙanƙane ne, bai kai ƙwayar dawa ba, amma ƙasashe na tsoronsa ƙwarai, domin in ya shiga rumbu ya kan lalata hatsi, tsutsarsa kuma ta kan ɓuya a tsagar bango ko a ɗinkin tsohon buhu ta yi wata da watanni ba ta ci kome ba, ba ta mutu ba. Shekarar 2018 ta same mu ƙofar Meksiko a rufe. Kaya ya taru a Kano ba mai saye, farashi ya faɗi, aka yi shekaru ana kai da kawowa kafin a sake buɗewa, bisa sharaɗin sai an turara kowane kaya da hayaƙin kashe ƙwari a ɗakunan da hukuma ta yarda da su.

Ku lura da wannan da kyau. Ma'aikacin da ya buɗe akwati a can bai tambayi gonar wa aka nome shi ba. Bai ce na Babura mai kyau ne, na wani gari ne ya ɓaci ba. Cewa ya yi zoɓon Nijeriya. Manomin da ya shanya nasa a tabarma mai tsabta, ya zuba a sabon buhu, da wanda ya tura nasa cikin tsohon buhun gyaɗa, duk hukunci ɗaya ya hau kansu. Haka kuma ya faru ga wake a 2015, sa'ad da ƙasashen Turai su ka hana shigar da busasshen wakenmu saboda maganin ƙwari da ya yi yawa a jikinsa, irin wanda mu ke kira fiya-fiya. Tun da ya ke laifin mutum ɗaya na iya rufe wa dubu kasuwa, ashe tsabtar buhun maƙwabcinka ta shafe ka. Yaya za ka yi ka sa shi ya gyara? In ka je kai kaɗai ka ce masa kada ya yayyafa wa zoɓo ruwa don ya yi nauyi, ko kada ya bar yashi a gindin buhu, zai ce maka gonarka ko tasa? Amma in ƙungiya ce ta kafa doka, ta ce buhun da aka samu da danshi ko ƙasa ba zai shiga sitonmu ba, ba wanda zai yi gardama, gama shi ma da bakinsa aka yi dokar.

Aikin tsabtar nan ba wuya gare shi ba, kayan yinsa ne su ka fi ƙarfin mutum ɗaya. Tamfol na shanya, don kada zoɓo ya taɓa ƙasa, awaki da kaji su bi ta kai. Sababbin buhuna. Ɗakin ajiya mai daɓen siminti, wanda aka toshe tsagoginsa, aka share, aka jera katako a ƙasa don buhu kada ya sha sanyin daɓe, ba kuma a haɗa shi da hatsi ko gyaɗa. Sikeli na gaskiya. Mutum talatin in su ka haɗa kuɗi za su sami waɗannan cikin kaka ɗaya ko biyu. Mutum ɗaya sai ya shekara goma yana niyya.

Ga kuma maganar iri. Yawancin abin da mu ke shukawa gauraye ne, mai duhu da mai haske da fari duk a gona ɗaya, domin gurguzun da ya saura a ƙwarya shi a ke mayarwa ƙasa. Mai saye kuwa ya fi son mai duhun ja, mai kauri, launi ɗaya. Ƙungiya na iya ware 'yar gona guda ta iri, a zaɓi itatuwan da su ka fi kyau tun suna tsaye, a raba wa kowa. Mu ma ma'aikatan gona, gaskiya ita ce ba mu da yawan da za mu bi kowa gonarsa. In an ce mini mutum arba'in na jirana a gindin bishiya ran kaza, da gudu zan zo, abin da zan faɗa sau arba'in in faɗe shi sau ɗaya.

Na san abin da waɗansu za su ce, na kuwa sha jinsa. Za su ce, Malam, mun ga ƙungiyoyi. A karɓi kuɗin rajista, a buga kati, shugaba ya sayi babur, shi ke nan. Wannan gaskiya ne, ba na musu. Akwai ƙungiyar da ba ta farkawa sai an ji gwamnati za ta raba taki, ko zaɓe ya ƙarato. Irin wannan ba ita na ke kira a shiga ba. Wadda aka kafa don a karɓa ta kan mutu ran da aka daina bayarwa. Wadda na ke nufi ita ce wadda aka kafa don a sayar.

Yadda za ku bambanta su ba boyayye ba ne. Ku tambaya, tana da takardar rajista daga ofishin ƙungiyoyin gama kai na jiha? Kuɗinta a banki su ke, ko a aljihun ma'aji? Mutum nawa ke sa hannu kafin a fitar? In mutum ɗaya ne, ku kama gabanku. Ana karanta lissafi a gaban kowa? Wanda ya kawo buhu ana ba shi takardar shaida da nauyinsa a rubuce? Yaushe aka yi zaɓen shugabanni na ƙarshe? Kuma shawarata, kada ku ba mai sayen zoɓo shugabancin masu noman zoɓo, kome kirkinsa, kome yawan abin da ya bayar a masallaci. Ba a ba kura ajiyar nama. A yi ciniki da shi cikin mutunci, amma ya zauna a ɗaya gefen sikeli.

Wannan tsari ba sabon abu ba ne. A garin Rocidel na Ingila, cikin 1844, waɗansu talakawa 28, da dama cikinsu masaƙa, su ka tara 'yan kuɗinsu su ka buɗe kanti, bisa ƙa'idar kowane mutum ƙuri'a ɗaya, riba kuma a raba gwargwadon cinikin da kowa ya yi. A nan Nijeriya an yi dokar ƙungiyoyin gama kai tun 1935. Mu kanmu mun san gayya, mun san adashi. Abin da ya rage mana shi ne littafi da sikeli. Dattawan da su ka ga zamanin dalar gyaɗa a Kano za su tuna a da hukuma ce ke yanka farashi kafin kaka. An rushe hukumomin ciniki a 1986, zoɓo kuwa bai taɓa samun irin wannan gata ba. Ba wanda zai yanka maka farashi yau. In ba ka da ƙungiya, abin da aka taya maka shi ne farashinka.

Wata matsalar ta gaske ita ce bukata. Manomi ba don wauta ya ke sayarwa da kaka ba, sa'ad da kaya ya cika kasuwa. Bashi ne ke binsa, ga kuɗin makaranta, ga auren 'ya. Ƙungiyar da ta ce masa ya kawo kaya ya jira wata uku hannu wofi, ba za ta gan shi ba. Dabarar ita ce a ba shi wani kashi na kuɗin ran da ya kawo, daga asusun da aka tara, sauran in an sayar. Da fari asusun ba zai isa kowa ba, sai a fara da kaɗan, kowa ya kawo rabin kayansa, rabi ya kai kasuwa ya biya bukata. Kada kuma a yi zaton ajiya kullum riba ce. Farashin zoɓo yana hawa yana sauka, wanda ya riƙe kaya yana jiran ya kai sama wani lokaci ya kan yi kuka. Ƙungiya ba ta hana faɗuwar kasuwa. Abin da ta ke yi shi ne ta sa ku ji labari da wuri, ku yanke shawara da ido buɗe. Don haka ma ban yarda mutum ya ba zoɓo gonarsa duka ba. Gero tukuna, gama ba a tuƙa tuwo da zoɓo.

Saura magana ɗaya, ta mata. Kowa ya san wa ke zama a tsakar gida yana ɓare zoɓo daga ƙwallonsa, ƙaiƙayi na cin hannu har ya tsage. Mata ne da yara. Tsabtar da mu ke ta magana a kai a hannunsu ta ke farawa, da yawansu kuma suna da nasu 'yan kuyoyin a gayauna. In aka kafa ƙungiya ba su ciki, an bar masu aikin a waje. Ko a rubuta su da sunansu, ko su kafa tasu ta mata su riƙa haɗa kaya da ta maza ran sayarwa, kuɗin kowace ya shiga hannunta.

Wanda ya ke da niyya kada ya jira sai zoɓo ya bushe. Tun yanzu ku nemi mutum goma zuwa ashirin na unguwarku waɗanda kun san amanarsu, ku sanar da mai unguwa, ku je sakatariyar ƙaramar hukumarku, ko Kazaure ce ko Roni ko Gwiwa ko Babura, ku tambayi jami'in ƙungiyoyin gama kai ya nuna muku yadda a ke rajista. Ku nemi malamin gona na JARDA da ke yankinku ya zo taronku na farko. Kuɗin da ku ka fara tarawa kuwa, kafin hatimi da kati, ku sayi sikeli da tamfol.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan yadda a ke gane zoɓo ya bushe sosai kafin a ɗura shi a buhu.