Mai Rainon 'Ya'yan Jama'a Ita Ma Tana Bukatar Mai Duba Ta

A kowace safiya ta Allah, a Ikko da Abuja da Fatakwal da Kano da sauran manyan garuruwan ƙasar nan, mata ma'aikata da 'yan kasuwa masu ɗimbin yawa sukan miƙa jariransu ga wata mace a unguwa kafin su kama hanyar neman abinci. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ba mace hutun haihuwa na mako 12 ne, shida kafin ta sauka, shida bayan ta sauka. Watau da an gama wankan arba'in uwa za ta koma bakin aikinta. A ƙauye akwai kaka da gwaggo da matan gida, amma a birni sai dai a nemi mai raino a biya ta. Ita kuwa matar nan takan wuni a ɗakinta da yara biyar ko shida, daga na goye zuwa mai rarrafe zuwa ɗan yaye, ita kaɗai, tun hantsi har magariba. Iyaye sukan tambaye ta ko yaro ya ci, ko ya yi barci. Da wuya a sami wanda zai tambaye ta halin da ita kanta take ciki.

Wannan sakaci ba ƙarami ba ne. Masana sun tabbatar da cewa kafin yaro ya cika shekara uku ƙwaƙwalwarsa ta kai kimanin kashi 80 cikin 100 na girman ta baligi. A cikin waɗannan shekaru ne yake koyon amincewa da mutane, da kwantar da ransa in ya firgita, da ma'anar magana, kuma daga hannun da ke riƙe da shi yake koyon su. In mai raino tana cikin natsuwa, yaro ya natsu. In kuwa gajiya da talauci da baƙin ciki sun yi mata katutu, to, tsawa da duka da kulle yaro a ɗaki su ne za su biyo baya. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa jijjiga jariri da ƙarfi yana iya jawo zubar jini a cikin kansa, ko makanta, ko mutuwa, kuma kukan da ya ƙi ƙarewa shi ne ya fi ingiza babba ya aikata haka.

Ƙasar Amurka ta riga ta ɗanɗana wannan matsala, ta kuma nemi maganinta. A shekarar 2005 wani malami na Jami'ar Yale, Walter Gilliam, ya binciki azuzuwa kusan 4,000 na yara 'yan shekara uku da huɗu a jihohi 40. Ya tarar ana korar waɗannan ƙananan yara saboda rashin ji fiye da ninki uku na yadda ake korar ɗaliban firamare da sakandare, kuma maza sun ninka mata fiye da sau huɗu a cikin korarrun. Abin da ya fi jan hankali shi ne, malaman da ke da masanin halayyar yara mai kawo musu ziyara a kai a kai ba su kori sai kimanin rabin abin da marasa shi suka kora. Jihar Connecticut ta kafa irin wannan tsari tun 2002, kuma a 2014 ma'aikatar lafiya da ta ilimi na gwamnatin tarayyar Amurka suka fid da sanarwa ɗaya suna kira ga jihohi da su rage korar yara, su yawaita masu ba da shawarar.

Yana da kyau a fahimci yadda aikin yake. Masanin ba ya ɗauke yaro ya kai asibiti, ba ya rubuta magani, ba kuma sufeto ba ne da ya zo neman laifi. Yakan shiga gidan ya zauna, ya ga yadda wuni ke tafiya, sa'an nan ya tattauna da mai raino. Me ya sa wannan yaro yake cizon 'yan'uwansa? A wane lokaci yake yi? Ko yunwa ce, ko barci, ko an yi masa ƙane, ko iyayensa sun rabu? Daga nan su shirya tare yadda za a tsara lokacin ci da na barci da na wasa, da yadda za a yi wa iyaye bayani ba tare da faɗa ba. In akwai alamar jinkirin magana ko rashin ji da kunne, a tura yaron ga likita da wuri. Har ila yau, masanin yakan saurari damuwar matar ita kanta, ya nuna mata inda za ta sami taimako.

Da farko makarantu ne suka fi cin moriyar tsarin. Amma ƙidayar da gwamnatin Amurka ta sa aka yi a 2012 ta nuna akwai mutum kusan miliyan 3.8 da ke rainon 'ya'yan wasu a gida, waɗanda ke cikin rajistar hukuma kuwa ba su wuce 120,000 ba. Ganin cewa jarirai da 'yan yaye masu yawa a hannun irin waɗannan suke, jihohi da dama suka faɗaɗa aikin ya kai gidaje.

Wani zai ce wannan al'amarin masu arziki ne, domin a Nijeriya likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutum fiye da miliyan 200. Gaskiya ne ba su da yawa. Amma mai wannan magana ya manta da tarihin ƙasarsa. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin nan na Aro, kusa da Abeokuta, inda aka riƙa saukar da masu taɓin hankali tare da danginsu a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, ma'aikata suna kula da su a can. Duniya ta yaba, har ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙasar da ta kai aikin lafiyar ƙwaƙwalwa cikin gidajen ƙauye tun kafin samun mulkin kai ba za ta rasa dabarar kai shi ɗakin mai raino ba.

Dokoki ma ba su yi ƙaranci ba. Tun 1991 manufar ƙasa ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya na matakin farko. Akwai Dokar Haƙƙin Yara ta 2003. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Abin da ya rage shi ne aiki.

Saboda haka jaridar nan tana kira da a yi abubuwa huɗu. Na ɗaya, kowace daga cikin ƙananan hukumomi 774 ta rubuta sunayen matan da ke rainon yara don kuɗi a yankinta, kyauta, ba tare da haraji ba, domin in aka sa kuɗi ko barazana sai su ɓuya. Na biyu, asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, irin su na Yaba da Aro da Kaduna da Kware da Maiduguri da Inugu, su horar da malaman asibiti da unguwarzoma na ƙananan asibitoci a kan halayyar jarirai da alamun damuwa a wurin manya. Na uku, a wajabta wa waɗannan ma'aikata ziyartar kowace mai raino aƙalla sau ɗaya a wata, a kuma ba su kuɗin mota, sa'an nan su riƙa tara masu rainon unguwa ɗaya su tattauna. Na huɗu, a yanka iyakar jariran da mace ɗaya za ta riƙe. Su ma iyaye da nasu haƙƙin: su biya ladan a kan lokaci, su zo ɗaukar yaro a lokacin da aka yi alkawari, su kuma sanar da mai raino in wani abu ya sauya a gida.

Ya kamata wakilan jama'a a majalisun jihohi da shugabannin ƙananan hukumomi, musamman 'ya'yan wannan jam'iyya da suka yi wa talakawa alkawarin lafiya da ilimi, su sa wannan cikin kasafin kuɗin baɗi. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, hannun da ke tanƙwarawar shi ya fi cancanta a fara ƙarfafawa.